Manhajar da ke gaya mini ranar da sukarina zai ƙare

Mutum uku ke nan cikin wata guda suna tare ni da tambaya iri ɗaya, biyu bayan sallar Juma'a, ɗaya a bakin mangaza ana tsakiyar sauke shinkafa: wai Alhaji, abin nan da ka sa a kwamfuta yana aiki kuwa, ko kuɗinka kawai kake zubarwa? Amsar ba ta tsaitsaye ba ce, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta ta.

Sarin kayan masarufi nake yi a nan Tawa. Shinkafa, sukari, man girki, madarar gari, tumatirin gwangwani, taliya, ganyen shayi, sabulu da tarkacensu. Mangaza biyu gare ni. Masu saye a hannuna akwai masu butik na cikin gari, akwai na Keita da Buza, akwai waɗanda ke lodi zuwa Abalak da Cintabaradan. Wasu kayan a Yamai ko Maraɗi nake saro su, kwana uku zuwa biyar sun iso. Sukari da shinkafa kuwa mu uku muke haɗa kuɗi mu ɗauko daga bakin teku.

Sunan manhajar da na kamfanin da ya kafa mini ita ba zan faɗa ba. In na yaba a ce an biya ni, in na kushe a ce ina ɓata wa yaran mutane sana'a, kuma yara ne masu ladabi. Ko ba haka ba, na leƙa irinta guda biyu a wurin abokai a Yamai, na ga duk kanwar ja ce, launin allo ne kawai ya bambanta. Abin da zan faɗa kan tawa zai yi wa mai neman kowace amfani.

Wurin Baba na gaji wannan sana'a. Shi bai taɓa riƙe alƙalami don lissafin kaya ba. Bayan sallar asuba zai shiga mangaza da sandarsa, ya bi layin buhuna yana bubbugawa, ya fito ya ce, "Sukari saura kwana tara, a aika." Kuma kwana taran ne, in ya kuskure da kwana ɗaya. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Sai dai a zamaninsa kayan da ke mangazar ba su wuce iri ashirin ba. Ni yanzu, in ka ƙirga kowane girman gwangwani da kowane tambari, sun haura iri ɗari uku. Man girki kaɗai akwai bido mai lita 25, mai 20, mai 5, ga na kwalba. Idona ya kasa. A daminar 2022 mai ya yanke mini kwana goma sha biyu cur, alhali jarina na kwance cikin kwalayen taliyar da ba mai tambaya. Ɗan yayata, wanda ya yi karatu a jami'ar nan ta Tawa, shi ya dame ni har na yarda. A watan Nuwamba na shekarar aka kafa ta, shi kuma ya kwashe sati uku yana juye littattafan ciniki na shekara guda zuwa cikinta.

Aikinta na asali ba wani siddabaru ba ne. Ga kowane kaya tana ɗaukar abin da ke mangaza yau, ta ƙara abin da na biya yana hanya a ranar da ake sa ran isowarsa, ta cire abin da na riga na yi wa wani alkawari, ta cire abin da take hasashen za a saya kowace rana. Sai ta zana layi. Layin yana gangarowa sannu a hankali, ranar da mota za ta sauke kaya ya yi tsalle sama, ya sake gangarowa, kamar haƙoran zarto. Inda ya taɓa ƙasa kafin motar ta iso, wurin ya koma ja, da kwanan wata a rubuce. Wannan jan shi ne abin da nake biyan kuɗi dominsa. Ranar farko da na ga an rubuta cewa madarar gari za ta ƙare ran 14 ga wata, kayan da na saya kuma sai ran 19 za su shigo, na zauna shiru. Kwana biyar ne da da ba zan san da su ba sai mai butik ya zo na ce masa babu.

Daga nan take fitar da lokacin da ya kamata in sake saye. Bari in ba da misali da sukari, don shi na fi sani. A ce ina sayar da buhu 30 a rana, kuma daga ranar da na biya zuwa ranar da ƴan dako za su jera shi a mangaza kwana 20 ne. Ke nan buhu 600 za su fita ina jiran mota. Sai a ɗora wani abu a kai saboda halin hanya da halin kasuwa, wanda ni na sa wa suna kayan ko-ta-kwana, a ce buhu 150. Duk ranar da abin da ke hannu haɗe da na hanya ya sauko 750, sai ta ɗaga mini tuta. Ba a fafe gora ranar tafiya, wannan kowa ya sani. Abin da ba kowa ke iyawa ba shi ne tuna ranar fafe gora ɗari uku, kowanne da tasa ranar tafiyar.

Hasashen cinikin kuma daga tarihi take ciro shi. Tana duba makwannin da suka wuce, na kusa-kusa ta ba su nauyi fiye da na nesa, sannan ta duba yadda irin wannan lokaci ya kasance bara. A nan ta burge ni, ba zan ɓoye ba. Ba wanda ya gaya mata Lahadi ce ranar kasuwar Tawa, amma da kanta ta gano cewa Asabar da Lahadi kaya sun fi fita, Litinin kuma sai a yi ta kallon juna. Ta gano shinkafa na ja da baya bayan kaka, in hatsi ya shigo rumbu, ta kuma tashi in rumbu ya yi ƙasa gab da damina. Ta gano shayi da sukari na motsawa wajen Agusta da Satumba, lokacin da makiyaya ke arewa, ana haramar taron gishiri na Ingal. Har ɗan tashin cinikin da ake samu in ƴan cin rani sun dawo gida noma da abin da suka samo, ya fito a zanenta. Duk abin da ke tafiya da rana da ruwan sama, ta iya shi.

Wata ne ba ta sani ba.

Azumin 2022 a farkon Afrilu ya kama. Mu masu sari cinikinmu ba cikin azumi yake ba, kafinsa ne, sati biyu zuwa uku, lokacin da masu butik ke cika shagunansu da sukari da madara da mai. Saboda haka a tarihin da aka zuba mata, tudun sukari yana tsakiyar Maris zuwa ƙarshensa. Da 2023 ta zo sai ta ɗauki tudun ta dasa shi daidai inda yake bara. Azumi kuwa wajen 23 ga Maris ya kama. Tun farkon watan mutane suka yi mini caa, ita kuma tana nuna mini kore, wai da sauran lokaci. Baba ne ya cece ni. Yanzu ba ya zuwa kasuwa, ƙafa ta hana, amma wata rana da dare na je gaishe shi ya ce, "Kai, sukarin azumi ya taso?" Na ce, "Baba, na'ura ta ce sai nan da kwana goma za a aika." Ya dube ni ya ce, "Na'urar taka ta ga watan Sha'aban?" Washegari na yi waya Maraɗi na sari buhu 300 da tsada, don in tsaya jiran na bakin teku an riga an sha ruwa sau bakwai.

Dalilin a fili yake. Shekarar wata kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta rana da wajen kwana 11, don haka azumi da sallar layya kullum matsowa suke yi. A 2024 wajen 11 ga Maris aka ɗauki azumi, a 2025 kuma a farkon Maris. Manhajar da kalandar Turawa kaɗai aka gina ta. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, yawan tarihi ba ya gyara wannan, ɓata shi yake ƙara yi. Da ta tara shekara biyu sai ta haɗa tudun bara da na bana, waɗanda ba wuri ɗaya suke ba, ta fitar da wani tudu mai faɗi marar tsawo. Ta ce a sayi kaɗan-kaɗan na tsawon lokaci, alhali gaskiyar abin kaya da yawa ne cikin ƴan kwanaki.

Akwai magani, amma da hannu. Cikinta akwai wurin da za ka ware wasu kwanaki ka ce waɗannan na musamman ne, ta cire su daga lissafin yau da kullum, sannan ka gaya mata ranar da za su dawo a shekara mai zuwa. Yaron kamfanin ya nuna mini ta waya bayan na kira shi na yi masa faɗa. Ya ce, "Ku yi haƙuri Alhaji, da ma akwai shi, mantawa muka yi ba mu nuna muku ba." Na ce masa, ɗana, a ƙasar da kusan kowa ke azumi, wannan ne abin mantawa? Tun daga nan, duk farkon Rajab nake zama da ɗan yayata mu saka ranakun azumi da na layya. Yana aiki lafiya lau. Amma manhajar da ake sayar wa ƴan kasuwar Nijar bai kamata a ce sai an ɗora mata watan Musulunci da hannu kowace shekara ba.

Sai babban gwaji, wanda ba ita kaɗai ya kayar ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wato CEDEAO, ta rufe iyakoki. Da, kayanmu daga Kwatano ta ƙasar Benin suke tasowa, su bi ta Paraku, su haye gadar Malanbil zuwa Gaya, sai Doso, Dogon Dutsi, Konni, a karkato arewa zuwa Tawa. Muna da tirela guda ta shinkafa da ta maƙale a wancan ƙetaren. Ga abin da manhajar ta yi: ranar da aka rubuta motar za ta iso ta zo ta wuce, ita kuwa sai ta ci gaba da ƙirga kayan a matsayin masu shigowa yau. Gobe ma ta ce yau. Layin shinkafa yana nan kore shar, buhu 700 na zaune a cikinsa waɗanda ke can bakin kogi rana na dukansu. Kusan sati biyu ina kallon allo hankalina kwance-kwance, har mai kula da mangazata ya ce, "Maigida, ku zo ku gani da idonku." Na je na tarar ana ganin bangon baya.

Wannan aibi ne na gaske, kuma har yau ba a gyara shi ba. Kayan da suka makara ya kamata su yi ƙara, su canza launi, su tambaye ka sabuwar rana. Ita shiru take yi. Duk mai amfani da irinta ya riƙe wannan: duk safiya ka duba jerin kayan da ke hanya, wanda ranarsa ta wuce ka matsar da ita da hannunka, ko ka cire shi gaba ɗaya in ba ka da tabbas.

Amma a cikin wannan tashin hankalin ne kuma ta yi mini aikin da ya fi kowanne. Da ta tabbata hanyar Benin ba ta buɗuwa nan kusa, kaya suka koma bi ta Lome, su ratsa Burkina Faso ta Dori, su shigo ta Tera zuwa Yamai, cikin ayari da rakiyar sojoji, kuma ayari ba ya tashi don kai kana sauri. Ko da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, gadar Gaya ba ta koma yadda take ba. Kwana 20 ɗina suka zama 60, wani lokaci fiye. Na zauna na canza wannan lamba guda ɗaya ga duk kayan da ke zuwa ta teku. Kafin in gama kurɓar shayi ta sake lissafin komai, ta jera mini su: wannan zai ƙare nan da kwana 8, wannan 15, wannan 40. Da wannan jerin na raba abin da ya rage. Mai ɗaukar buhu ashirin na ba shi takwas, na gaya masa dalili, na gaya masa ranar da nake sa ran wani. Ba wanda ya ji daɗi, amma ba wanda na mayar hannu wofi. Wasu maƙwabtana sun sayar da komai cikin sati guda ga wanda ya fara zuwa, suka zauna wata biyu suna kaɗa ƙuda, abokan cinikinsu na shekaru suka watse.

Ta kuma nuna mini wata gaskiya mai ɗaci da lambobi. Buhu 30 sau kwana 60 buhu 1,800 ke nan, kuma tun da hanyar ba ta da tabbas dole ko-ta-kwana ma ya ƙaru, a ce 400. Daga 750 an koma 2,200. Ciniki bai ƙaru da buhu ɗaya ba, amma jarin da zan binne a sukari ya kusa ninkawa uku. In ka ji ɗan kasuwa na kukan nisan hanya, ba kuɗin mota kaɗai yake nufi ba.

Kuma a nan wani gurgunta yake: ba ta san aljihuna ba. Za ta ce sayi tirela guda na wannan, rabin tirela na wancan, duk a sati ɗaya, ba ruwanta da cewa kuɗina na hannun mutanen Abalak sai sun sayar da dabbobi. An ce mini akwai wani ɓangare na lissafin kuɗi da ake haɗawa da ita, da ƙarin biya. Ban saya ba. Ni nake zaɓar wanda za a fara saye, ita ta ba ni jerin.

Maganar tumatiri kuwa, da kunya nake faɗinta, don rabin laifin nawa ne. A watanni biyun farko na rufe iyaka, tsoro ya sa masu butik suka riƙa ɗaukar ninkin abin da suka saba. Mai kwali biyar ya ce goma sha biyu. Ba don mutane sun ƙara cin miya ba, ɓoyewa suke yi. Manhajar ta ga ciniki ya yi sama, ta ɗauka kasuwa ce ta buɗe, ta ce in ninka saye. Ni ma tsoron ya kama ni, na bi ta. Na tabbata wanda na saya a wurinsa shi ma ya ga nawa ya ninka nasa, haka abin ke ƙara girma yana tafiya sama kamar jita-jita. Da kayan suka iso bayan wata biyu da ɗoriya, kowane mai butik na da tumatiri har ƙarƙashin gadonsa. Suka yi mini kwantai wata bakwai. Zafin Tawa kuwa ba ya wasa da gwangwani, na Afrilu da Mayu balle a mangaza mai rufin kwano. Wasu suka kumbura, sauran na karya farashi na rabu da su kafin kwanansu ya cika. Da na ware waɗancan makwanni na ce mata na firgici ne, kamar yadda nake yi wa azumi, da ba ta ba ni wannan shawara ba. Da ni ma na tsaya na tambayi kaina wa zai ci wannan tumatiri duka, da ban saya ba.

Kishiyar wannan ma ta faru. Man girki ya yanke sati uku. A wurinta, sati uku an sayar da sifili, ke nan mutane sun rage son mai, sai ta rage abin da take cewa in sayo. Wanda ya zo ya tambaya aka ce babu, ya juya ya tafi, ba ya cikin lissafinta, don ba a rubuta masa takarda ba. Yanzu akwai ƙaramin littafi a teburin mai kula da mangaza, an rubuta a bangonsa "An tambaya, babu". Duk wanda ya nemi abin da ya yanke, a rubuta kaya da adadi. Ƙarshen sati ɗan yayata ya shigar. Da na ba Baba labarin littafin, dariya ya yi. Ya ce shi waɗanda ya mayar hannu wofi sun fi zama masa a rai fiye da waɗanda ya sayar wa, har yanzu yana iya lissafo wasunsu.

Wani abin da mai niyyar saye ya kamata ya shirya masa shi ne ƙirga. Duk hasashen nan a kan lamba ɗaya yake tsaye, wato abin da ke mangaza yau. In ita ƙarya ce, komai ƙarya ne. Wata uku da farawa muka ƙirga shinkafa, allo ya ce 212, ƙasa ta ce 197. Ba sata ba ce. Buhu huɗu sun fashe wajen saukewa an sayar da su a kilo ba a rubuta ba. Ƙanena ya ɗauki shida na bikin ƴarsa, ya ce a gaya mini, aka manta. Biyar ni da kaina na ce a kai wata makarantar allo. A gidan kasuwa irin namu kaya na da ƙofofin fita da yawa waɗanda ba ciniki ba ne, kuma ba kowa ke son a rubuta sunansa ba. Sai da na yi zaman gida na ce ko ni na ɗauki gwangwani ɗaya a rubuta. An yi ƴan gunaguni, wai Alhaji ya zama Bature. Yanzu duk Litinin, da yake kasuwa a mace take, muna ƙirga kaya iri ashirin da suka fi ɗauke kuɗi. Sauran sau ɗaya a wata. Manhajar ce ma ta nuna mini cewa waɗannan ashirin ɗin su ne kusan duk cinikina, ragowar ɗari biyu da tamanin rakiya suke yi. Iri goma sha ɗaya na daina kawowa gaba ɗaya bayan na ga zanensu a miƙe kamar an ja layi da mizani.

Da Faransanci take, ba Hausa ba Larabci. Mai kula da mangazata almajiri ne, ajami yake rubutawa da kyau, bokonsa kaɗan ne. Sai da muka sa wa kowane kaya hoto, muka rubuta sunayensu yadda muke kiransu a kasuwa, sannan ya saba. Yanzu ya fi ni sauri. Tana son intanet, kuma rezo a wajen mangaza ta biyu sai a hankali. Ta waya ana iya ƙirga kaya ba rezo, in ya dawo ta tura, amma zanen hasashe ba ya buɗuwa sai da shi. Lokacin da kuran, wato wutar lantarki, ya yi wuya a ƙarshen 2023, dole na sa sola da batir saboda kwamfutar. Wannan ma a sa shi cikin lissafi.

Kuɗinta na wata bai kai albashin yaron shago ɗaya ba. Na kafawa da koyarwa ne ya ɗan ciji, wajen kuɗin buhun shinkafa ashirin a lokacin. Koyarwar kwana biyu ce kawai, kuma ta yi kaɗan ƙwarai. Duk abin da na lissafa a sama da kuskure na koye shi. In kana ciniki da su, ka matsa a rubuta cewa za su dawo bayan wata uku su sake zama da kai, lokacin ne za ka san tambayoyin da za ka yi. Waya suna ɗauka, wannan na ba su. Zuwa Tawa daga Yamai kuwa, tafiyar sama da kilomita 500, sau ɗaya suka yi tun bayan kafawa.

Mai butik guda da kaya iri hamsin, wanda ke sarowa a cikin gari ya dawo a adaidaita cikin awa ɗaya, ba ya bukatarta, littafi da ido sun ishe shi. Wanda kayansa ke kwana da kwanaki a hanya, yana da iri ɗari ko fiye, ko mangaza fiye da ɗaya, shi zan ce ya saya, da sharaɗin yana da mutum guda mai haƙurin shigar da komai kullum. In babu wannan mutumin, ya bar kuɗinsa a aljihu. Kafin ka sa hannu ka ce su nuna maka abu uku a gabanka: yadda ake matsar da azumi, abin da take yi in mota ta makara, da inda ake rubuta wanda ya tambaya bai samu ba. In mai tallan ya fara kame-kame, ka san inda za ka sha wuya.

Na sabunta biyan wata shekara a watan jiya. Na kuma sake tura musu saƙo, karo na huɗu, kan kalandar Musulunci. Yaron ya amsa da cewa, "In sha Allahu Alhaji, yana cikin abin da ake dubawa." Yau da safe allon ya nuna ganyen shayi zai taɓa ja nan da kwana goma sha ɗaya, motar Yamai kuma kwana biyar take yi, don haka sai Laraba zan aika. Na gaya wa Baba da na je gaishe shi. Ya ce in aika Litinin, an yi ruwa wajen Dogon Dutsi.